Simsim a Kwandon Burodi

Ranar Talata bututun ruwa ya fashe a wurin aikin su Midhat. Ruwa ya malale ɗakin da suke haɗa haƙoran roba, mai wurin ya ce kowa ya kama gabansa, sai gobe. Shekara shida Midhat yana wannan aiki, bai taɓa ganin layinsu na unguwar Shubra da hantsi a ranar aiki ba. Ƙarfe bakwai yake fita, ba ya dawowa sai bayan isha. Don haka ya shigo layin yana kalle-kalle kamar baƙo, riƙe da ledar lemo, wai shi zai yi wa matarsa Nirmin ba-zata.

Ita Nirmin a gida take aiki. Wani kamfanin sadarwa take amsa wa kiran masu ƙorafi, awa takwas da abin sauraro maƙale a kunne, hutunta minti biyar-biyar. Gidansu kuma hawa na biyar ne, lif ɗin ginin, na'urar hawa bene, ya mutu tun ba yau ba. Bara warhaka ta zaunar da mijinta ta ce, "Midhat, gidan nan zai haukata ni. Mutum ɗari nake magana da su kullum, ban ga fuskar ko ɗaya ba. In haka za mu ci gaba, garinmu Mansura zan koma wurin Mama."

Maganar ta tsorata shi ƙwarai, don yana son matarsa, wannan kam ba ƙarya. Amma ku ji dabarar gogan naku. Bayan kwana uku sai ga shi da ɗan kwikwiyo ruwan ƙasa mai dogayen kunnuwa, ya ce ga abokin hira nan ya kawo mata. Suka sa masa suna Simsim. Tun daga ranar bai sake jin ta ambaci Mansura ba, shi ke nan ya ɗauka magana ta mutu. Har cika baki yake a wurin aiki, duk wanda ya yi ƙorafin matarsa sai ya ce, "Sayo mata kare ka huta. Ni Simsim ne ya riƙe min aure."

To, a layinmu ba wanda ke ɗaga kai don ya ga kwando yana saukowa daga bene. Da shi ake karɓar burodi, da shi ake karɓar albasa da magani, ka zura igiya mai kaya ya sa maka ka ja abinka. Midhat ya hango nasu kwandon yana saukowa daga baranda, ya yi murmushi, ya ce bari ya sa lemon a ciki ta ja ta ga abin mamaki. Yana matsowa sai ya ga kunnuwa biyu sun leƙo ta bakin kwandon.

"Innalillahi!"

Leda ta suɓuce, lemo ya watse a titi. Karensa ne. Simsim ne a cikin kwandon burodi, yana lilo tsakanin hawa na huɗu da na uku, ba komai a ƙarƙashinsa sai kwalta. Midhat ya ruga ya tsaya a ƙasa ya ware hannuwa, wani mai tasi ya taka burki ya zazzaga masa ashar, ko ji bai yi ba. Ihu kawai yake, "Nirmin! Riƙe! Kar ki saki! Jama'a, ku kawo bargo!"

Ba wanda ya kawo bargo. Ba wanda ma ya tashi daga inda yake. Shi kansa karen ya ɗora haɓa a bakin kwandon yana kallon gari, kamar fasinjan da ya saba da hanya.

Ammu Girgis, wato Baffa Girgis, tsohon da ke da shagon guga a ƙasan ginin, ya ajiye dutsensa ya fito yana goge hannu a jikin riga. Ya ce, "Matsa kaɗan, ɗana, ka tare masa wurin sauka." Sai ya ƙara dubawa. "Af, Ustaz Midhat! Kai ne? Lafiya dai? Ko yau Juma'a ce ban sani ba?"

Kwando ya dira. Simsim ya yi tsalle ya fito, ya shinshina takalmin ubangidansa, ya kaɗa masa jela sau biyu na gaisuwa, ya wuce abinsa cikin shagon guga. Can ƙarƙashin tebur akwai buhu a ninke da kwanon ruwa. Mai sayar da dafaffen wake da ake kira ful daga tsallake ya ɗaga murya yana yi wa karen kirari irin na manyan masu sarauta, "Basha ya iso! Yau ka makara, ranka ya daɗe!" Ya wurgo gutsuren burodi, karen ya cafe tun bai taɓa ƙasa ba.

Midhat ya ɗaga kai. Nirmin na tsaye a baranda da igiya a hannu, ta yi sororo tana kallonsa. Sai ta janye kwandon ta shige ciki.

"Ammu Girgis," in ji shi, "mene ne wannan nake gani?"

"Me fa?"

"Karena! A kwando! Daga hawa na biyar!"

"Oho, kar ka damu da igiyar. Ni na canza ta da hannuna, sau biyu ma, don Basha ya yi ƙiba. Wannan ko kai aka sa za ta ɗauka."

"Simsim sunansa!"

"To, ai a sama ke nan. A nan ƙasa Basha ne."

"Tun yaushe ake wannan abu?"

Tsohon ya sosa ƙeya. "Wata goma za a yi. Ƙarfe goma Madam ta sauko da shi, ƙarfe shida ta ja shi, kafin ka dawo. Ya raka ni kai kaya, ya zaga wurin mai ful, ya kwanta nan in rana ta yi zafi. Ba ruwansa da kayan mutane, ko Hajja mai hawa na biyu da ba ta son kare ta shaide shi a kan haka."

"Wato kowa ya sani."

"Har mai duba mitar wuta." Ammu Girgis ya tsaya ya kalle shi da kyau, bakinsa ya ɗan buɗe. "Tsaya, Ustaz. Kana nufin kai ba ka sani ba?"

Kunya ta rufe Midhat, kunnuwansa suka yi zafi. Mai ful ya juya baya yana juya tukunyar da ba ta buƙatar juyi, kafaɗunsa na girgiza. Amma ba dariyar ce ta fi dukan Midhat ba. Daga ƙarfe goma zuwa shida, awa takwas ke nan. In kare yana nan ƙasa yini guda, to wa ke sama tare da Nirmin?

Ya durƙusa ya kira, "Simsim, zo." Karen ya kalle shi, ya kalli Ammu Girgis, ya ƙara lafewa a kan buhu. Sai da Midhat ya shiga ƙarƙashin tebur da rarrafe ya jawo shi, ya saɓa shi a hammata ya kama bene, karen na ta wutsil-wutsil yana kuka ƙasa-ƙasa.

Ya iso hawa na biyar yana haki, ya banka ƙofa da maganganu cike da baki. Ya tarar da ita a gaban kwamfuta, ta ɗaga masa yatsa ɗaya alamar ya dakata. "Ka yi haƙuri, yallaɓai," take cewa cikin murya mai daɗi, "na fahimci ɓacin ranka. Za a gyara in Allah ya so." Haka ya tsaya ƙiƙam da kare a hammata har minti huɗu, yana sauraron matarsa tana ba wani ƙato haƙuri. Da ta gama ta cire abin kunnen ta ajiye.

"Kin haukace ne, Nirmin? Hawa biyar! In ya zabura ya faɗo fa?"

"Bai taɓa zabura ba. Shi yake shiga da kansa."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Yaushe?" Ta juyo da kujerar. "Gaya min yaushe. Ka dawo ka ci abinci kana gyangyaɗi. Ranar Juma'a ka yi barci sai an kusa huɗuba, daga masallaci ka zarce gidan shayi kallon ƙwallo. Da yamma ka ɗauki kare ku je bakin kogin Nilu ka yi masa hoto ka tura wa abokanka. Ni a wane wuri zan shigo da magana?"

"Ai ina cewa ki zo mu je!"

"Ka ce, 'Za ki?' kana riga ka sa takalmi."

Ya sauke karen. Simsim bai ko kalli kwanon abincinsa ba, ya nufi ƙofar baranda ya hau kartarta da ƙafa.

"Don ke na kawo shi," in ji Midhat. Yanzu muryarsa ta sauka. "Don ya ɗebe miki kewa."

"Na sani. Wata biyu ya yi a nan tare da ni. Ya daina cin abinci, ya yini a bakin ƙofa yana kuka har masu kira suna tambayata ko jariri ne. Minti biyar nake da su, ba zan sauka hawa biyar in hau ba. Rannan na zura kwando karɓar burodi, ya faɗa ciki ya ƙi fita. Wallahi tausayi ya ba ni. Dabba ce fa, Midhat, amma ta kasa zaman gidan nan wata biyu."

"To ke fa? Duk watannin nan ke kaɗai?"

"Ni ai ba na shiga kwando."

Ya nemi hannun kujera ya zauna. Shekara guda yana yawo da labarin ya gyara gidansa, har yana ba wasu shawara. Ashe ba abin da ya gyaru. Shiru kawai ta yi, shi kuma ya ɗauki shirun lafiya.

Nirmin ta dube shi, ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai. Ta ce, "Tunda Allah ya kawo ka gida da rana, bari in sake faɗa. Na ajiye aikin nan, ƙarshen wata zan gama. Na samu wani a Mansura, ofis ne mai mutane a ciki. Wurin Mama zan zauna."

"Mansura?" Ya miƙe zumbur. "Haba! Haka kawai, ba shawara ba komai?"

"Sau biyu na gaya maka. Na farko ka ce 'Allah ya sa alheri', idonka na kan waya. Na biyu ka ce in tuna maka ranar Juma'a."

Kansa ya ɗaure. Ƙarshen wata saura kwana tara. Ya dubi ɗakin, ya dubi kwamfutar, ya dubi karen da ke ta kartar ƙofa. Abubuwa goma suka taso masa lokaci guda, na haƙuri da na roƙo da na rantsuwa, amma wanda ya riga fitowa daga bakin bawan Allahn nan shi ne:

"To... Simsim fa? Wa zai riƙa sauke shi?"

Nirmin ta kalle shi. Idanunta suka ciko, ba ta bar hawayen ya zubo ba.

"Na ce maka zan bar gidan nan, Midhat," ta ce a hankali. "Kare ka tambaya."

Haka ɗin ya tambaya, kuma da kunnensa ya ji kansa.