Igiyar Guga a Ƙugun Khalilu

Shekarar da fetur ya gagari kowa aka dawo mini da Khalilu daga Ungogo. Ɗana ne na biyu. Adaidaita Sahu yake ja wa wani mutum, kuma don ya jure aiki ba gajiya sai ya fara shan ƙwaya. Mai mashin ya karɓe abinsa, ƙwayar kuwa ba ta sake shi ba. Ya dawo ƙauye a rame, ba ya iya zama wuri ɗaya. Abinci ya yi mana ƙaranci a lokacin, amma ɗan abin da uwarsa Hure ta zuba masa ma haka yake barinsa.

Yayana Muntaka shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, kuma ban taɓa yi masa musu ba. Ya ce magani ɗaya ne, a kai yaron gidan mari. Na taɓa shiga irin gidan nan, na ga samari zaune da ƙarfe a ƙafa, idon sawunsu duk gyambo. Na roƙe shi lokaci. Ya ce ya ba ni zuwa a gama sussukar dawa.

Ɗari ya sauko da ƙarfi a shekarar. Alwala ma sai an ɗaure fuska ake yinta. A cikin haka na lura Khalilu ba ya biyo mu gida daga sallar asuba. Na zaci masu sayar da ƙwayar ya samo, na bi bayansa. Ya ratsa gonaki har Ramin Kamfani, wani ƙaton rami da masu aikin titi suka haƙi marmara suka bari, ruwan damina ya cika shi, ba ya ƙafewa. Ina kallo ya tuɓe riga ya faɗa ciki. Na ruga bakin ramin. Na ce shi ke nan, kansa ya zo kashewa.

Sai na ga yana iyo. Ya kai tsakiya ya juyo, ya fito haƙoransa na haɗuwa.

“Baba, ba mutuwa na zo yi ba,” ya ce da ya ga fuskata.

“To me ka zo yi? Tarwaɗa ce kai?”

“Abin nan da yake cina, kamar cinnaka a cikin ƙashi. In na shiga ruwan nan sai ya yi shiru. Sanyin ba ya bar masa wuri. In na fito, har azahar ina jin ni ma mutum ne.”

Na miƙa masa rigarsa. Da muka koma gida na ga ya cinye ɗumamen tuwo tas, har ya nemi ƙari. Hure ta juya baya tana share ido da mayafi.

Na je wurin Tasi'u, ma'aikacin ɗakin shan magani na garinmu. Ya ce shi ba zai ce mini ruwan sanyi magani ne ba, in riƙa kawo yaron yana duba shi. Amma in har ya nace, kada ya shiga shi kaɗai, kada ya daɗe a ciki, ya fito a goge shi a rufe shi nan take. Ya nanata mini maganar daɗewa. Ya ce sanyi yana iya kama hannun mutum da ƙafarsa ya nitse ko da gwani ne.

Ni ban iya iyo ba. Sai na kwance igiyar gugar rijiyarmu. Kullum da safe Khalilu ya ɗaura ta a ƙugunsa, ni kuma in tsaya a gaɓa riƙe da ɗaya bakin, bargo a kafaɗata. In na ga ya isa sai in ja.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce aljanar ramin ce ta aure shi. Wasu suka ce limoniya, ciwon huhu, zan jawo masa. In na wuce majalisa sai a ce, “Mati, yau kifin ya kamu?” Ni dai na san ya fara barci, ya fara bina gona. Na kuma san akwai ranakun da yake birgima a ɗaki yana zagin kowa. Ba na ɓoye wannan.

A irin ranakun nan ne ya fasa randar uwarsa, labari ya kai kunnen Yaya. Washegari ina tsaye a gaɓa, Khalilu bai jima da shiga ba, sai ga mota ta tsaya a bakin burtali. Yaya ya fito da wasu ƙarti biyu na gidan mari cikin rigunan sanyi. Ɗaya yana riƙe da buhu, ina jin ƙarar ƙarfe a ciki.

“An gama sussuka, Mati,” in ji Yaya.

“An gama, Yaya.”

“Jawo shi.”

“Ba zan jawo muku shi ba.”

Ya dube ni kamar bai san ni ba. “Ni kake gaya wa haka? Dubi abin da ke hannunka. Kai ma ai ɗaure shi ka yi kamar akuya. Mene ne bambancin igiyarka da marinsu?”

“Wannan shi yake ɗaura wa kansa.”

Yaya ya juya ga mutanen ya ce su shiga su fito da shi. Babban cikinsu ya tsuguna ya tsoma yatsa a ruwan, ya miƙe ya soka hannu a hammata.

“Alhaji, mu dai a tudu muke aiki,” ya ce. “Ai zai fito da kansa.”

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali. Khalilu ya gan su, ya tsaya can tsakiya ya ƙi matsowa. Lokacin da na saba jansa ya wuce. Ina ganin hannuwansa sun fara nauyi, haɓarsa na taɓa ruwa. In na bar shi ruwa ya ci shi, in na jawo shi na miƙa shi ga ƙarfe.

Na ja. Ya yi ta girgiza mini kai, na ci gaba da ja. Ina ja ina naɗe igiyar a ƙuguna, har ya iso gaɓa leɓɓansa sun yi fari fat. Na lulluɓe shi da bargo, na ƙulle ragowar igiyar a cikina, ƙulli kan ƙulli, yadda tsakanina da shi bai kai taku ba.

“Ga shi nan,” na ce. “Ku buɗe motar. Mu biyu ne. In ƙarfen naku ɗaya ne, ni za a fara sa wa.”

“Kwance igiyar nan, Mati.”

“Ba zan kwance ba, Yaya.”

Masu zuwa lambu sun riga sun tsaya suna kallo. Babban ƙaton ya ce shi mutum ɗaya aka yi da shi, kuma ba ya ɗaukar yaro uba yana cewa a'a. Yaya ya daɗe yana dubana, jijiyar wuyansa na motsi.

“In ruwan nan ya cinye shi, kada ka aiko mini,” ya ce.

“In Allah ya ƙaddara haka, zan aiko. Kai ne babba.”

Motar ta tashi ba mu a ciki. Muka nufi gida kafaɗa da kafaɗa, don ƙullin ya jiƙe ya ƙi kwantuwa, yatsuna kuma sun sandare. Khalilu yana rawar ɗari yana cewa, “Baba, da ka bari kawai sun tafi da ni.” Na ce ya rufe mini baki ya ɗaga ƙafa.

Yaya bai ƙara amsa gaisuwata ba, har yanzu, kuma kullum sai na gaishe shi. Ban san ko yaron nan zai warke ba. Gidan mari dai ba zai je ba ina raye.