Matakalar da Na Ƙera wa Laure

A daren jiya wani mafarki ya zo mini, kuma har yanzu da nake wannan magana bai gama sakina ba.

Na tsinci kaina a wata tasha, sanye da walkina na fata, masaba a hannu, kamar wanda aka fizgo daga maƙera ana tsakiyar aiki. Ni maƙeri ne, haka ubana, haka kakana, don haka ganin masaba a hannuna bai dame ni ba. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa ya yi sama. Mutane suna wucewa da lema a kife wajen gwiwa, kawunansu a bushe, ƙafafun wandonsu sharkaf. Ban ji wanda ya yi ƙorafi ba.

Babu mota ko ɗaya a tashar. Keken doki ne guda, baƙi wuluk, mai rumfa da tagogi, ƙafafunsa sun kusa fin tsayina. Wasu fararen dawakai biyu suna ɗaure a gabansa, sun dulmiya baki cikin komin ruwa. Abin da idona ya fara kamawa shi ne ƙofar. Tana can sama, a gefe, kuma daga bakinta har ƙasa babu abin takawa ko ɗaya. Na ja tsaki. Na ce a raina wanda ya haɗa wannan keke ko dai tsuntsu ne, ko kuma bai taɓa ganin tsohuwa za ta hau abu ba.

Sai na ga Laure a taga.

Laure matata ce. Tun kakar bara muka kai ta makwancinta. Ga ta nan zaune da kallabinta shuɗi, tana ɓarar gyaɗa, ɓawon yana faɗuwa sama.

Ta ce, “Malam, ka zo?”

Na ce, “Na zo. Me kike yi a nan?”

“Zaune nake.”

“To sauko mu tafi gida.”

Ta tura ƙofar, ta leƙo, ta dubi ƙasa, sannan ta dube ni irin duban da take mini in na faɗi shirme a gaban baƙi.

“Da wace ƙafar? Ka manta gwiwata?”

Ban manta ba. Laure gajera ce, na sha tsokanarta da cewa in ta tsaya bayan turmi sai an yi cigiya, kuma gwiwarta ta dama ta daɗe tana ba ta wahala. Na miƙa hannu iya tsayina, ko gefen zaninta ban taɓa ba.

Sai ga ni a ofishin Sarkin Tasha. Bunsuru ne, cikin babbar riga mai aiki, yana zaune bayan tebur yana cin gefen teburin a hankali. Na durƙusa na gaishe shi, don sarauta sarauta ce ko wa ke kanta.

Na ce, “Ranka ya daɗe, keken nan ta ina ake hawansa?”

Ya ce, “Ba a hawa. A ciki ake farkawa.”

“Sauka fa?”

“Ba wanda ya taɓa tambaya.”

“An hana ne?”

Ya tsaya da tauna, ya yi tunani. “Ban tuna an hana ba.”

“To ina neman izini in sa masa matakala. Iyalina ce a ciki.”

“Sa mana. Amma da zarar dawakai sun ga gindin komi, keke zai tashi.” Ya sake gatsar teburin, ya ci gaba da magana baki cike. “Kuma ka sani, matakala a nan hanya ɗaya take koya. Ƙafar da ta fara taka ta ita ce malamarta. In daga sama ƙafar ta zo, ta sauka ce. In daga ƙasa ta zo, ta hawa ce har abada. Keke ɗaya, matakala ɗaya.”

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin, Allah ya sani.

Sai ga ni a wata maƙera bayan tashar. Komai yana nan, uwar maƙera, awartaki, sandunan ƙarfe a jingine, zugazugi yana hura kansa. Gawayin ya yi ja, amma da na kai hannu sai na ji sanyi kamar gindin randa. Wata kaza ce kwance a kan garwashin.

Na ce, “Baiwar Allah, ɗan matsa in sa ƙarfe.”

Ta ce, “Baƙo ne kai. Nan wuta ba ta tausasa ƙarfe. Labari mara daɗi ake ba shi.”

Ban yi gardama ba, ina da shi a wadace. Na ɗora sandar ƙarfe a cinya, na sunkuya, na fara ba ta labarin yadda ciwon Laure ya soma da ɗan zazzaɓi muka ce na damina ne. Ƙarfen ya ɗan yi ɗumi. Na gaya masa yadda Laure ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu, tana ɓoye mini. Ya fara lanƙwasa. Na gaya masa yadda na dawo gida ranar da aka kai ta, na tarar da takalmanta a bakin ƙofa, ɗaya ya hau kan ɗaya, na rasa wanda zai taɓa su. A nan ƙarfen ya yi laushi tamkar ƙullun fulawa, kazar kuma ta juya mini baya.

Na kama aiki. Ban nemi abin awo ba, domin na san tsayin ƙaurin Laure fiye da yadda na san nawa. Na yi hawa-hawa kusa da kusa, yadda ba sai ta lanƙwasa gwiwa sosai ba, na ƙarshen kuwa na sauko da shi ƙasa sosai, kaɗan ya rage ya taɓa turɓaya. Kowane mataki na yi masa faɗi, tafin ƙafa ya zauna duka. Na sassara samansa don kada santsi ya kwashe ta, na ɗan karkatar da shi ciki, yadda in ƙafa ta zame za ta zame wajen keken ne. A gefen da ke kallon ƙafar keken ta baya na tayar da leɓe, saboda na taɓa ganin yadda ƙafar amalanke ke cafke bakin zani ta ja mace ƙasa. Sannan na lanƙwasa mariƙin hannu na gefen hagu, ta dafa ta sauke nauyi daga gwiwar dama. Tunda nake ƙira ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, ina yi hawaye na tashi sama suna bin ruwa.

Sai ga ni kwance ƙarƙashin keken, ruwan yana dukan bayana daga ƙasa. Ban ɗaure matakalar a jikin katako ba, katako ruɓewa yake, wata rana ya saki mutum. A ƙarfen gindin keken na huda na sa noti. Sifanar ta ƙi juyawa sai da na gaishe ta na tambayi mutanen gidanta. Ta gefen ido ina hangen komin, ruwan ya yi ƙasa, dawakan sun miƙa wuya.

Muryar Laure ta sauko ta tsakanin katakai.

“Malam, wa ke yi wa Hansai kitso?”

Hansai 'yarmu ce, ita kaɗai Allah ya bar mana, bana ta shiga aji biyu.

Na ce, “Matar Malam Buhari.”

“Ai kuwa. Hannunta zafi, yarinyar ba za ta faɗa ba. Kana cin abinci?”

“Ina ci.”

“Ƙarya kake. Daga nan ina ganin wuyanka.”

Na ɗaure notin ƙarshe, na fito, na miƙe, na goge hannu a walki. Matakalar ta zauna cif, kamar da ita aka haifi keken. Laure ta kakkaɓe zaninta, ta zo bakin ƙofa, ta kama mariƙin.

A gidanmu akwai ƙa'ida. Duk abin da ɗan Adam zai tsaya a kai, tsani ne, likkafa ce, matakin amalanke ne, ba ya barin hannun maƙeri sai maƙerin ya ɗora masa nauyinsa tukuna. In zai karye ya karye da kai. Ubana da ranƙwashi ya koya mini wannan, har ta kai ba na tunaninsa, jikina ne ke yi. Ina kallon fuskar Laure, ina cewa “Tsaya in gani,” ƙafata ta ɗaga da kanta ta hau matakin ƙasa, na danna, na ɗan yi tsalle a kai.

Ƙarfen ya yi wani ɗan sauti, ƙyas.

Sarkin Tasha yana tsaye bayana, ban san sanda ya zo ba. Ya ce, “To, ta koya.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, gwadawa na yi.”

“Ita ma gwadawa ta gani.”

Laure ta sauko da ƙafar hagu a hankali. Ƙafar ta ratsa matakin ta wuce, kamar ta taka hayaƙi. Ta janye, ta gwada ta dama, haka. Ta koma ta zauna a bakin ƙofar, ta ja zani ta rufe gwiwa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

Ta ce, “Amma ta yi kyau, Malam. Har da mariƙin hagu.”

Baƙin cikin da na ji a lokacin ya fi na ranar jana'iza, domin ranar ba hannuna a ciki. Na tsaya ƙafa ɗaya a kan matakin, ƙarfen daram a ƙarƙashina. Sai na lura ai ni hanya a buɗe take mini. Na ɗaga ɗaya ƙafar.

Ta ce, “Kul.”

Kafin in amsa na ji ana taɓa kafaɗata. Wani dattijo ne da sanda, ya ce, “Ɗana, in ba hawa za ka yi ba ka ba ni wuri, ƙanena na ciki.” Na matsa don girmansa. Ya hau cikin sauƙi, har yana sa mini albarka, ya ce bai taɓa taka matakala mai tausayin gwiwa irin wannan ba. Bayansa wata mata ce da majanyi ɗaure a baya, ba kowa a ciki. Ita ma ta hau. Na waiwaya, sai na ga layi ya miƙe har bakin tasha, kowa ya yar da lemarsa, ba mai turereniya. Labari ya zagaya gari cewa keken ya sami matakala.

A cikin layin na hango Hansai. Tana sanye da kayan makaranta, kitsonta rabi a tsefe, tana leƙe ta gefen manya tana neman taga. Na dubi matakin ƙasa, wanda na sauko da shi saboda gajeriyar mace mai ciwon gwiwa. Ko ɗan yaye zai iya hawansa.

Laure ma ta gan ta. Ta miƙe tsaye.

“Malam, cire ta.”

Na faɗa ƙarƙashin keken da sifana. Notunan sun yi saiwa cikin ƙarfen. Na fito na kai wa matakalar masaba iya ƙarfina, ko alama ba ta yi ba, ai ni na yi ta. Layi yana matsowa. Dawakan sun fara lasar gindin komi.

“Cire ta, na ce!” Tunda muke ba ta taɓa ɗaga mini murya haka ba.

Na durƙusa a gaban matakalar, na rasa labarin da zan ba ta. Ciwon na faɗa, ramar na faɗa, takalman na faɗa. Saura magana ɗaya, wadda ban taɓa yarda ta fito daga bakina ba, ko a gaban liman, ko ni kaɗai a ɗaki. In Hansai ta tambaya cewa nake Inna ta yi tafiya. Ga yarinyar ta iso, har ta ɗaga ƙafa, tana cewa, “Baba, matsa, ga Inna can.”

Na kafa baki a jikin ƙarfen, na ce, “Laure ta rasu. Ba za ta dawo gida ba.”

Matakalar ta narke gaba ɗaya, ta zama ruwa, ta tashi sama tare da sauran. Ƙafar Hansai ta sauka a kan ƙasa. Ta ji abin da na ce, na ga ta ji. Dawakan suka ɗaga kai, keken ya motsa, Laure ta ja ƙofar ta rufe da kanta. Ban ga ta leƙo ta taga ba. Ƙafafun keken suna ta ƙara a kan tsakuwa, ƙiiii, ƙiiii.

Ƙarar ce ta tashe ni. Gari ya waye, rana har ta shigo ta ƙasan labule. Kujera ce ake ja a kan siminti a tsakar gida. Na fito a guje ba ko riga, na tarar Hansai ta kai kujerar gindin kantar kayan miya, ta ɗora ƙafa ɗaya a kai.

Na daka mata tsawa, “Sauko!”

Ta sauko, ta tsaya tana kallona, idonta ya ciko.

“Baba, gishiri kawai zan ɗauko.”

Na ɗauko mata gishirin. Sannan na zauna a kan kujerar, na ce ta ajiye shi tukuna ta zo nan, akwai maganar da zan gaya mata.