Layin Ƙofar Gidanmu

Awa biyu da rabi suka ba mu. Motar gidan kula da tsofaffi za ta sauke Mama a bakin ganuwa da ƙarfe sha ɗaya, ta dawo ta ɗauke ta ɗaya da rabi, ba ƙarin ko minti ɗaya, don ƙarfe biyu ake ba su abinci da magani. Wata uku na yi ina roƙon wannan ɗan lokacin. Likitarta ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye, in zan kai ta gida in kai ta bana, domin baɗi ba lallai ta san ko ni wace ce ba, balle gida.

Saboda furanni na zaɓi watan Mayu. Ni da wautata. A Mayu ne ake buɗe tsakar gidajen tsohuwar unguwar Kordoba don gasar furanni, duk wanda ya shiga gasar kuma dole ƙofarsa ta zauna a buɗe daga sha ɗaya zuwa biyu, kowa ya shigo ya kalla. Na sani sarai. Amma ina so ta ga tukwanenta a cike. Ɗari biyu da goma sha huɗu ne a jikin bango, yawancinsu ita ta rataya da hannunta, ni kuwa shekara huɗu ke nan tun tafiyarta ina bin su ɗaya bayan ɗaya da gwangwanin ruwa a bakin doguwar gora, har kafaɗata ta dama ta daina ɗaguwa sosai. Abu ɗaya nake nema, ta shigo ta ɗaga kai ta ce nan gidana ne.

Yayana Acisclo ne ya zo tura keken guragun Mama. Daga ganuwa zuwa gidanmu tafiyar minti bakwai ce ga mai ƙafa. Mun yi minti arba'in da biyar. Mota ba ta shiga lungunanmu, duwatsun daɓen kuma ba don taya aka shimfiɗa su ba, kowane taku sai keken ya girgiza Mama kamar ana tankaɗe. A kusa da tsohon masallacin da aka mayar coci muka tarar da su, masu yawon buɗe ido, tuli guda, kowa ya bi bayan jagoransa mai ɗaga lema, kowa ya ɗaga kai sama yana kallon hasumiya, ba mai kallon gabansa.

"A ba da hanya! Hanya don Allah!"

Ko gezau. Wata ma juyowa ta yi, ta ga tsohuwa da baƙin mayafi da ɗan fure a gashi, ta durƙusa ta ɗauke ta hoto.

"Uwata ce, ba gunki ba ce!" na ce da ita. Ta yi mini murmushi ta gode.

Mama ta dubi taron ta ce, "Acisclo, jana'izar wa ake yi?"

"Tawa ce, Mama," in ji shi, yana share gumi. "Yanzun nan bayana zai karye."

Sha biyu saura kwata muka iso bakin lungunmu. Layi ya taso tun daga ƙofarmu, ya bi jikin bango, ya wuce shagon mai dukanci, har kwana. Ban damu ba, ai gidanmu ne. Na ce Yaya ya bi ta gefe mu wuce. Sai Mama ta ɗora hannu a kan taya.

"Tsaya."

Ta gyara zama, ta ɗaga murya, muryar nan da na sani tun ina riƙe da gefen siket ɗinta a wajen mai kifi.

"Wa ne na ƙarshe?"

Baƙin ƙasashen waje suka dube ta ba su gane ba, na ce Allah Ya sa a tsaya nan. Ina! Wata mata 'yar ƙasarmu, mai jar jaka, ta juyo ta ce, "Ni ce, Inna."

"To, ni ke bin ki."

Shi ke nan, an ɗaura. Wanda ya tashi a nan ya san in ka tambayi na ƙarshe aka amsa maka, ka shiga layi, kuma ba ka da fita sai ta gaba in lokacinka ya yi. Mama kuwa a wannan fannin ko limamin coci bai kai ta tsanani ba. Ina shekara tara ta mayar da ni ƙarshen layin burodi da jan kunne don na ratsa gaban mutum ɗaya, mutumin ma kawuna ne.

Na sunkuya na ce, "Mama, gidanki ne fa."

"Gidan wa?"

"Naki. Namu. Ga ƙofar can, koriya."

"Ko na sarki ne, na tarar da mutane."

Acisclo ya ƙyafta mini ido, ya soma turawa a hankali kamar bai ji ba. Ta sauke ƙafa ɗaya ta kafe a ƙasa.

"Kai! Ban haifi ɓarawon layi ba. Dubi gemunka fari fat, ba ka jin kunya?"

"Mama, rana fa ake yi."

"Su waɗannan a inuwa suke?"

Mutane suka fara juyowa. Mai jar jakar ta fahimci abin da ake ciki, ta ce, "Haba Inna, ku wuce mana, wallahi ba komai." Na gabanta ma suka matsa jikin bango, har baƙin, suna nuna hanya da hannu. Hanya ta buɗe tar har ƙofarmu, ina hango Casilda maƙwabciyarmu zaune a kan kujerarta tana ƙirga masu shiga. Taku talatin ne kawai.

"Na gode, 'yata," in ji Mama. "Ba na cin rabon wani."

Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi ihu. Na bar su nan na kutsa wajen Casilda.

"Ke, goma-goma kike sa su, ki riƙa sa ashirin mana."

"In sa ashirin su karya miki tukwane ki cinye ni ɗanya? Kuma ai na ciki ne ba sa fita. Shiga ki gani."

Na shiga na gani. Wani da matarsa sun kafa sansani a bakin rijiya, ta tsaya ta nan, ta tsaya ta can, ta cire hula, ta mayar da hula. Wani dattijo ya buɗe littafinsa yana duba hoton tsakar gidana, yana duba tsakar gidana, ko yana so ya tabbatar ba a yi masa musaya ba. Na tafa hannu na ce, "To, an gani, an gode, ga ƙofa." Matar bakin rijiyar ta miƙo mini wayarta in ɗauke su tare. Na ɗauka. Allah Ya sani ƙafafunsu kawai na ɗauka.

Sha biyu da rabi mun ci rabin lungun. Na koma wajen Casilda na ce ta yi mini dabara ɗaya. Ta miƙe, ta sa hannu a baki ta ƙwala kira kamar a asibiti.

"Araceli! Araceli ta matso, layinta ya zo!"

Mama ta ɗaga kai jin sunanta.

"Ƙarya take," ta ce. "Mai jar jakar nan ce a gabana."

Da safen nan sau biyu ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina goye. Ta manta mijinta, ta manta shekarunta, ta manta ta karya kumallo. Amma wadda ke gabanta a layi, wannan kam tana nan daram. Acisclo ya fashe da dariya, dariyar da ba ta daɗi ba.

"Fuensanta, ki haƙura. Ke kika zaɓi Mayu."

"Yaya, in ka sake faɗin wannan maganar, gorar ban ruwa zan karya a kanka."

"Ai gara ki karya, ko na samu in kwanta."

Muka ci gaba da ja, taku biyu, tsayuwa. Na cire hulata na kare mata rana. Ita kuwa hankalinta kwance, har hira take da mai jar jakar, tana tambayarta ko abin da ake rabawa a ciki zai isa kowa. Ƙararrawar hasumiya ta buga ɗaya. Na lissafa komawa ganuwa cikin wannan cunkoson, na ga ko mun yi gudu sai mun ci minti ashirin.

Ɗaya da minti biyar mai jar jakar ta shiga. Casilda ta tare sauran da hannu, ta ce, "Ku dakata, wannan ita kaɗai." Acisclo ya ɗaga tayoyin gaba ya haye dokin ƙofa, muka bi ta zaure muka fito tsakar gida.

Rana ta sauka a kan farar ƙasar bango, jan fure da ruwan hoda sun zubo tun daga saman bene har ƙasa, lemon tsamin kusurwa ya yi nauyi da 'ya'ya. Ban taɓa gyara gidan nan kamar bana ba. Mama ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallo, tana bin bango da ido layi-layi, leɓɓanta suna motsi. Na durƙusa gefenta. Ta miƙa hannu ga tukunyar da ke kusa da ita, ta tura yatsa cikin ƙasar, ta ciro ta murza.

"Matar gidan nan ta san aikinta," ta ce. "Ba ta cika ruwa."

"Mama, ke kika dasa wannan. Ke kika koya mini. Ga rijiyarki, ga ɗakinki can, mai labule."

Ta yi mini murmushin da take yi wa baƙi, na ladabi.

"Tana nan? A gaishe ta."

Casilda ta juya mana baya tana goge ido da gefen riga. Ni ban yi kuka ba, haushi ne ya cika ni har wuya, na rasa wanda zan ɗora wa. Da ta shigo kai tsaye kamar yadda ta shiga ƙofar nan shekara hamsin, da kwando a hannu, wataƙila da ta gane. Wataƙila kuma da ba ta gane ba. Amma ta yi awa guda da minti ashirin tana jira a waje tare da baƙi, ta shigo a matsayin baƙuwa.

"Mu leƙa ɗakin, Mama. Minti ɗaya kawai."

"A'a, ba a shiga ɗakin mutane." Ta goge yatsanta a mayafi, ta waiwaya wajen zaure inda kawuna ke leƙowa. "Acisclo, juya ni. Mun gani, ya isa. Akwai mutane a baya suna jira."

Ya dube ni. Na dubi agogo. Na ɗaga masa kai, ya juya keken.

A bakin ƙofa ta taɓa hannun wani dogon saurayi mai jakar goyo, wanda ko kalma ɗaya ta harshenmu ba ya ji.

"Shiga, ɗana, kai ne yanzu," ta ce. "Gidan ya yi kyau. Sun yi sa'a masu shi."