Tayin Inji a Norway

A makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta tsibirin Pemba, Malam Makame ne ke koyar da gyaran inji, amma makarantar ba ta da inji ko na magani. Da alli yake zana shi a allo, ya ce, "Ta nan mai ke shiga, ta nan ruwa ke zagayawa." Ɗalibai su gyaɗa kai, su ci jarrabawa, su tafi neman aiki a manyan jirage. Can a miƙa musu sifana, su riƙe ta kamar an ba su jaririn wani. Da yawa an koro su gida, kuma abin ya daɗe yana cin Makame a rai.

Da aka sa makarantar cikin shirin musayar malamai, shi aka tura Norway ƙarin sani. Abokin aikinsa a can wani dogo ne mai suna Sindre, mutumin kirki, sai dai ba ya maimaita magana. Wata rana ya ja Makame bayan ɗakin gwaji, ya yaye wani tamfol. Injin jirgi ne sukutum, an buɗe gefensa don ɗalibi ya ga yadda cikinsa ke motsi.

"Mun sami sabo, wannan fitar da shi za mu yi," in ji Sindre. "Kana so? Akwai kayan da za a aika Zanzibar, kusa da ku, sai a haɗa maka."

Makame ya ji kamar ya rungume ƙarfen nan. To amma ɗan Pemba ne, kuma uwarsa ta rene shi a kan cewa mai cafke tayi tun karon farko mayunwaci ne, ya zubar da mutuncin gidansu. Ka ƙi, a sake yi maka, ka ƙi, a haɗa ka da Allah, sannan ka karɓa kana sunkuyar da kai.

"Haba Malam Sindre, ɗawainiyar ta yi yawa. Ku bar shi kawai, muna lallaɓawa da abin da muke da shi."

"To, shi ke nan," in ji Sindre, ya mayar da tamfol.

Makame ya zauna jiran tayi na biyu. Kullum sai ya san yadda ya yi suka bi ta wajen, ya shafa tamfol ɗin, ya ce, "Kai, wannan inji akwai kyau!" Sindre ya ce ƙwarai kuwa, su wuce. A Pemba ko kurma ya gane wannan. Sau da yawa maganar ta zo masa har baki, kunya ta mayar da ita, don yaya za ka roƙi abin da ka ƙi da bakinka? Ana gab da ya dawo gida ya tarar da wurin wayam. An ba masu sayen tsohon ƙarfe injin, sun yayyanka shi. Bai faɗa wa kowa ba, har matarsa Mwatima.

Bayan damina Sindre ya zo rama ziyara. Da safe ya zauna a bayan aji, ya ga Makame na zana inji da alli. Da rana aka kai shi gidan Makame, Mwatima ta cika masa faranti da shinkafar kwakwa da kifi. Ya ci, ta ɗauko ƙari, ya ɗaga hannu ya ce ya ƙoshi. Ta zuba.

"Baban Zuhura, gaya wa baƙonka ba a gidana ba," in ji ta. "Dubi tsawonsa kamar bishiyar kwakwa, ina ɗan wannan zai kai?"

Sindre ya yi dariya, ya tambayi Makame, "Na ce a'a, me ya sa ta ƙara?"

"Ai a nan ƙin farko ladabi ne. Sai an matsa wa mutum kafin ya..."

Bai ƙarasa ba. Sindre ya ajiye cokali a hankali, dariyar ta bar fuskarsa.

"Makame. Injin?"

Makame ya kafa wa faranti ido. Mwatima ta ga yanayinsu ya canza, ta matsa sai an gaya mata, ya gaya mata a taƙaice. Ta tafa hannu.

"Innalillahi! Kai kuwa Malam, kunyar Pemba ka ɗauka har ƙasar ƙanƙara? 'Ya'yan mutane na can ana koro su daga jirgi, kai kana jan aji!"

Gaskiya ta faɗa, Makame ma ya sani.

"Da ka ce kana so," in ji Sindre, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Da ka sake tambaya," in ji Makame.

Washegari ya shiga aji ya tarar an goge allo. Ya ɗauki alli, ya soma daga inda mai ke shiga.