Inuwar Ceɗiyar Yari

Katanga ɗaya ce tsakanin Malama Dorcas da maƙwabcinta Yari a unguwar Gidan Dahala, amma ko gaisuwa ba ta tsallaka ta. Musabbabin kuwa ceɗiya ce. Tushenta na gidan Yari, rassanta sun leƙo tsakar gidan Dorcas, tsuntsaye suna sauka a kai suna ɓata mata shanya. Ran da suka yi kashi a kan farar rigarta ta zuwa coci, ta fita ƙofar gida ta wanke dattijon tas a gaban mutanen layi. Ta ce ko ya sare rassan, ko su haɗu wurin mai unguwa. Yari ya juya ya shige gida. Shi irin mutanen nan ne masu ajiye magana sai ta yi tsami.

Abin da fushi ya mantar da ita shi ne dashenta. A gindin katangar, ƙarƙashin rassan nan, ta jera 'yan tsiron itacen madobiya cikin ledoji. Irin ta kwaso shi ne daga gonar marigayi babanta a Zonkwa, daga bishiya ta ƙarshe, kafin masu katako su kayar da ita. Niyyarta ta mai da su gida idan damina ta sauka. Babu sauran iri a hannunta ko ƙwaya.

Gab da Babbar Sallah, bazara ta kai maƙura, Yari ya hau ceɗiya da gatari. Dama duk shekara yakan saro wa ragunansa na layya ganye. Bana sai ya zaɓi ɓangarenta kaɗai.

Da ta dawo daga makaranta da azahar, ta tarar da tsakar gidan fayau, babu inuwa. Ita fa ke koya wa ɗalibai cewa da haske ganye ke haɗa abincinsa. Ta kuma san tsiron da ya tashi a inuwa, idan zafi ya yi masa yawa rufe ƙofofin numfashinsa yake yi don kada ruwansa ya ƙare, hasken kuwa ya ci gaba da dukansa har ya ƙone. Ganyen sun yi fari fat. Ta kwarara ruwa, a banza. Ta so ta ɗauke su, ta ga saiwoyin sun huda leda sun kama ƙasa, ɗagawa kisa ce. Ta ɗaura musu zani, amma zani bai hana katanga tururin zafi ba. Ta tsuguna tana kuka, tana tsine wa Yari, ragunansa kuwa ana jin taunarsu ta bayan katanga.

'Yan na kusurwa ne kawai suka rage kore shar, ƙarƙashin reshe ɗaya da gatari bai kai ba. Shi ne dai reshen da ke saman igiyar shanyarta.

Washegari da safe ta ji an jingina tsani. Ta fito da gudu.

"Baba Yari, don Allah ka bar wannan."

Ya dubo ta daga sama, gatari a kafaɗa. "Ashe kin san sunana. Ba ke kinka ce in sare ba? Wanga ɗai ya rage, yanzu in ida shi."

"Na janye. Ka yi haƙuri."

"Nan kinka faɗi maganar?" Ya nuna ƙofar gida da haɓa. "Can kinka faɗe ta. Mutane sun jiya."

Dorcas ta ji kamar ta jijjige tsanin. Ta ƙi jinin mutumin nan har cikin ranta. Ta dubi ledojin da suka bushe, ta dubi 'yan koren da suka rage. Rana ta fara taɓa bakin katanga.

Ta gyara ɗaurin kallabinta ta zare sakata. Layin cike yake da masu zuwa kasuwa, ga mai shayi, ga matan da suka sha kallo rannan. Ta tsaya daidai inda ta tsaya wancan karon, ta fara ba shi haƙuri.

"Ɗaga murya, Malama," in ji Yari daga kan ceɗiya. "Kunnena ya tsuhwa."