Mu Uku Ne

Da Kaka ta san abin da bakinta zai jawo, da ta bar shi a gida cikin kofi ɗaya da haƙoran robarta. Amma ranar Laraba ce, saura kwana uku a ɗaura auren jikarta, murna ta hana ta zama. Sai ta sa haƙoran, ta ɗauki sandarta, ta raka amarya ofishin coci don a kammala cike takardu.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a bayan coci, taga ɗaya, da fanka mai kuka kamar tana da ciwon haƙori. A kan tebur akwai kwalbar furanni da suka mutu tun makon jiya, ruwan ya yi kore yana tashi. Kaka ta yi shekara talatin da biyar tana aikin ungozoma a asibiti, kuma ko da ita ta yi ritaya, hancinta bai yi ba. Ta ja kujerarta can gefe.

Mai teburin ita ce matar da kowa ke kira Mai Rajista. Littattafan baftisma da na aure da na mutuwa duk a hannunta suke, kuma tana riƙe da su kamar ita ke ba Allah aron sunayen idan ya manta. Ba ta buɗe shafi sai ta lashi yatsa. Gefen littafin baftisma ya yi baƙi ƙirin da yawun shekara ashirin. Kaka ta kau da kai.

A gefenta Fada, limamin cocin, ke zaune, sabon zuwa, siririn saurayi mai tabarau, wanda aka ce ya yi karatu mai zurfi a kan dokokin coci. Ya leƙa littafin ya dubi amarya.

"Nan an rubuta a asibiti aka yi miki baftisma, ba a coci ba."

"Ni na yi mata," in ji Kaka, tana gyara zama. "Ai shi ya sa muke kiranta 'Yar Kwalba. Bakwaini ce, wata uku ta yi cikin kwalbar jarirai a asibiti."

"Kaka, don Allah kar ki fara," in ji amarya.

Ina, ta riga ta fara. Ta ba da labarin yadda aka haifi yarinyar da tsakar rana ana ruwan sama, ba ta fi tafin hannu ba, ta yi shuɗi, ba kuka. Uwar a sume. Likita ya dubi jaririyar ya girgiza kai ya fita. Saura su uku a ɗakin: Kaka, da wata nas abokiyar aikinta, da mai share ɗakin wadda ta jingine tsintsiyarta ta wanke hannu ba tare da an ce mata ba. Nas ta tallafi kan, mai shara ta riƙe tasar ruwa, ita kuma Kaka ta zuƙi ruwan da sirinji, don kan ya yi ƙanƙanta a zuba masa da hannu.

"Ɗigo uku na ɗiga mata. Na ce, muna yi miki baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Ina rufe baki ta tsala ihu. Ga ta nan, har yau ba ta yi shiru ba."

Ita kaɗai ta yi dariya. Yatsan Mai Rajista ya tsaya a hanyarsa ta zuwa baki. Fada ya cire tabarau.

"Mama, me kuka ce?"

"Na ce ba ta yi shiru ba."

"A'a, kafin nan. Ina yi miki, ko muna yi miki?"

"Muna. Mu uku ne."

Fada ya goge tabarau da gefen rigarsa, ya daɗe yana gogewa. Sa'an nan ya yi bayani a hankali, da muryar da ake gaya wa dangi cewa mara lafiya ya cika. Wai akwai takardar doka daga shugabannin coci. Wai mai yin baftisma a madadin Almasihu yake magana, don haka kalmar ina zai faɗa. Wanda ya ce muna bai yi komai ba, wanka kawai ya yi wa yaro. Idan kuwa haka ne, amarya ba ta taɓa samun baftisma ba. Tabbatarwar bangaskiya da bishop ya yi mata ba ta zauna ba. Jibin Ubangiji, gurasa mai tsarki da take karɓa tun tana shekara tara, shi ma haka.

"Shekara goma sha ɗaya ina cikin mawaƙa," in ji amarya.

"Waƙa kowa na iya yi," in ji Mai Rajista. Ta faɗa da ɗan daɗi a fuskarta, irin na wadda ta tsinci gashi a abincin maƙwabciya.

Kaka ta buga sanda a ƙasa. "To ga famfo can waje. Ka tashi ka yi mata yanzu, ka ce ina ɗinka sau goma."

Ba ya yiwuwa, in ji Fada. Ita babba ce yanzu, baftismar babba sai an sanar da bishop. Aure da marar baftisma kuma sai da izininsa. Bishop ya yi tafiya sai wata mai zuwa.

"Ba waya a inda ya je?"

"Mama, irin wannan magana ba a kai ta ta waya. Wasiƙa ake rubutawa."

Ango kuwa hutun mako biyu kawai aka ba shi a jirgin ruwan da yake aiki, ranar Litinin zai koma sai bayan wata tara. 'Yan'uwansa sun riga sun kamo hanya. Kowa a ɗakin ya san wannan.

"Tsaya in tambaye ka, ɗana," in ji Kaka. "Ni nawa ce a nan?"

"Ku ɗaya ce."

"To ga shi kana ce mini ku, kuma na gane da ni kake. Ni tsohuwa mai kunne ɗaya na gane, Allah ne zai ruɗe?"

Fada ya mayar da tabarau, ya dubi Mai Rajista, ita ma ta dube shi. Kaka ta san irin wannan kallon. Ta sha ganinsa tsakanin likitoci idan an manta auduga a cikin mutum.

"Mama," in ji Fada, yana kallon furannin nan matattu, "shekara ashirin da takwas ba kwana ashirin da takwas ba ce. Kuma girma ya zo. Mutum kan tuna abu ba yadda ya faru ba. Mai yiwuwa ina kuka ce. Ku je gida ku yi tunani. Idan kun tuna da kyau, gobe sai ku sa hannu a takarda, shi ke nan."

"Ni zan buga ta tun yau," in ji Mai Rajista. "Don kar ku jira."

Wato tun kafin ta yi tunanin, an san abin da za ta tuna. Ba dokar ce ta tayar wa Kaka da zuciya ba, ta ga dokoki marasa kan gado da yawa a asibiti. Abin da ya ɗaga mata hankali shi ne masu dokar ma ba su yarda da ita ba har zuci. Da sun yarda, da ba su miƙo mata ƙarya a faranti ba. So suke a yi ƙazantar, amma da hannun wani.

Daga can suka wuce shagon tela, don a rage wa rigar amarya ƙugu. Amarya na tsaye a kan ɗan benci, tela na bin ta da allurai a baki, hawaye na sauka a kan farin yadi.

"Kaka, kalma ɗaya ce fa."

"Ni ban taɓa canza ko alama ɗaya a fayil ɗin mara lafiya ba. An taɓa tsayar mini da ƙarin girma shekara huɗu a kan haka."

"To ki riƙe gaskiyarki, ni kuma in riƙe rigata a akwati."

"Ke, tsaya da kyau kar a soke ki," in ji Kaka. "Kuma matan nan biyu fa? Mai sharar nan ta durƙusa a cikin jini tana riƙe da tasa tana kuka. Dukansu sun rasu. Yanzu in sa hannu in ce ba su nan?"

"Ba su za su aure shi ba, Kaka. Ni ce."

Tela ta zare allura daga baki. "Ni dai kar a sa ni a ciki. Ɗaga hannu."

Kaka ta dubi yarinyar. Ƙeyar nan ita ce dai wadda ta taɓa cika tafin hannun nas. Ba don ta ga ta tsaya a kan benci tana kuka cikin rigar aure ta zuƙi ruwa a sirinji ba.

Ranar Alhamis da safe ta koma. Takardar na jiranta, an buga ta tsaf, har an ja layi ƙarƙashin kalmar ina. Furannin na nan, sun ƙara wari. Mai Rajista ta lashi yatsa ta ɗago takardar ta miƙo, da danshin a kusurwa. Kaka ta kama ta ta ɗaya gefen.

"Kun tuna ke nan, Mama?" in ji Fada.

"Ba ni biro."

Ta sa hannu. Ya sa nasa a matsayin shaida, Mai Rajista ta doka hatimi. Fada ya sauke ajiyar zuciya ya ce Allah ya yi musu albarka. Da ta fita, Kaka ta tsaya a bakin famfo ta wanke hannu har gwiwa, kamar za ta shiga ɗakin tiyata.

Ranar Juma'a da la'asar ake furta zunubi. Kaka ta bi layi bayan wasu mata biyu, ta shiga akwatin katakon da ake furtawa a ciki, mai warin tsohon gumi da turare. Gwiwarta ba ta durƙuso, sai ta zauna a kan matashin. Ta cikin raga tana hango ƙyallin tabarau.

"Ka sa mini albarka, Fada. Mun yi ƙarya."

"Ku ce na yi ƙarya. Kowa nasa zunubin yake furtawa."

"A'a. Wannan karon ma mu uku ne. Ni, da Mai Rajista, da kai. Ita ta riƙe tasa, kai ka tallafi kan, ni na ɗiga."

"Mama…"

"Bari in gama, layi na jira. Muna na ce a ɗakin haihuwa. Ban manta ba, ban ruɗe ba, girman da ya zo bai taɓa wannan wurin ba. Kai ma ka sani, tun da ka kasa kallon idona."

"Idan haka ne, ai auren gobe ba zai…"

"Gobe ƙarfe goma. Kai ne ka yi karatun doka, ni ungozoma ce kawai. Amma ko ni na san dokar wannan akwatin. Abin da ka ji a nan ba ka ji shi ba. Ba ka faɗa, ba ka rubuta wa bishop, ba ka ko canza fuska a kai. Ko ba haka ba ne?"

"Haka ne," in ji shi.

"To. A waje kana da takarda mai hatimi. A nan kana da gaskiya. Sai ka riƙe su biyun, ka ji nauyinsu yadda na ji."

"Kuna nadama?" Muryarsa ta koma ta yaron makaranta.

"Ta sa hannun jiya, ƙwarai. Har yanzu ina jin wari a yatsuna. Ta muna kuwa, ko za ka kai ni gaban wanda ya rubuto dokar, ba na yi."

Ta ji ya yi raɗa da addu'ar gafara, da sauri, yana tuntuɓe. Ta lura da kalmar ina ya fara, ba muna ba. Ta dafa sanda ta miƙe.

Ranar Asabar aka ɗaura auren, ƙarfe goma da kwata. An canza furannin bagaden gaban coci, amma ruwan tsarki na bakin ƙofa yana nan da yauƙinsa, Kaka ta wuce shi hannunta a jaka. Mai Rajista ta zauna a layin gaba da ƙatuwar hula, tana share hawaye da hankici kamar ita ta haifi amarya. 'Yar Kwalba ta ce ta yarda, ango ya ce ya yarda, zoben ya ɗan maƙale a gaɓa sa'an nan ya shiga. Mawaƙa suka ɗauka. Fada bai dubi layin Kaka ko sau ɗaya ba.

Da aka yi shiru, ya buɗe hannuwa ya dubi jama'a.

"Mu yi addu'a."

"Oho," in ji Kaka, ba ta ko rage murya ba. "Yau kuma mu ta halatta."

Kowa ya miƙe. Ita ta ci gaba da zamanta, tana kallon ƙeyar jikarta ta cikin farin mayafi.