Tururin da Ya Yi Ladabi

A ɗakin gwaji 'Yar Guguwa suke kiranta, don aikin digirinta ke nan: sa kwamfuta ta kwaikwayi yadda tururi ke hauka cikin tabain, injin nan mai fukafukai da ke juyawa ya ba da lantarki. Kwamfutar kuwa tsohuwa ce mai nishi, wata da watanni ta yi tana lissafi kafin ta haifo bidiyo guda. Amma fa ya yi kyau! Ja da shuɗi suna murɗewa bayan kowane fiffike, har Farfesa, mai kula da aikinta, wanda ko gaisuwa ba ya amsawa kyauta, ya ce, "Ba laifi."

Ana jibi za ta kare aikin gaban malamai ta lura. Alamar ɗebewa guda ta ɓata mata wajen shigar da gudun juyawa. Injin baya-baya yake yi, maimakon tururi ya tura shi, shi yake tura tururi. Wato duk wahalar nan fanka ta ƙera. Ga Mama kuma ta riga ta shelanta wa dangi kaf cewa ta gama digiri, har da waɗanda ba a ga maciji da su.

Ta sami Farfesa a ofis yana ɓare lemo.

"Ranka ya daɗe, injin a juye yake."

Bai ko ɗago ba. "A sake lissafin fa?"

"Sai baɗi."

Ya tofar da ƙwallo a tafin hannu. "To ke, bidiyo ba ya da baya ne? Kunna shi daga ƙarshe."

Haka ta yi, kunya na cin ta. Ranar kare aikin, fukafukai suka juya daidai, tururin kuwa ya zama na kirki: kowace guguwa ta warware kanta, ta koma inda ta fito salin-alin. Malamai suka yi ta gyaɗa kai. Ɗaya ya farka daga gyangyaɗi ya tafa.

Sai wani baƙo mai furfura, injiniyan wata tashar lantarki, ya miƙe. "'Yata, namu injin girgiza yake har yana tsage fukafukai, ma'aikata na tsoron tsayawa kusa. Ban taɓa ganin tururi mai ladabi haka ba. Ba ni zanen nan, shi za mu ƙera."

Farfesa ya washe baki, ya riga ya miƙa hannu. Ita kuwa ta dubi dattijon, ta ga da gaske yake, tsoro ya kama ta irin wanda bai kama ta shekaranjiya ba.

"Baba, kada ku ƙera," ta ce. "Bari in kunna muku shi ta gaba."

Lafiyayyen injin ya hau gudu da baya a bango. Farfesa ya mayar da hannunsa aljihu. Ita ta shiga tattara takardunta, tana tunanin da wane baki za ta ce wa Mama sai baɗi.